Wa Zai Biya Bashin Faransa?

Jama'a, manya da yara na zangonmu na Clichy-sous-Bois, Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. To, har gwamnati ma yana cikinta. Tun 1974 rabon da kuɗin shigar Faransa su ishe ta kashewar shekara, har a 2023 bashinta ya haura Yuro biliyan 3,000.

Babban abin da ke cin kuɗin shi ne tsarin taimakon jama'a da aka kafa a 1945, watau fansho da asibiti da kuɗin yara. Mu a nan mun san amfaninsa, gama garinmu yana cikin mafi talauci a ƙasar. Lalle kuwa wanda ya sha inuwar itace bai kamata ya ƙi ba shi ruwa ba. Biya wajibi ne. Tambaya ita ce, daga aljihun wa?

Waɗansu sun ce a ƙara harajin saye, wanda ake kira TVA, da Maurice Lauré ya ƙago a 1954. A 2012 gwamnatin Sarkozy ta yi dokar ɗaga shi daga 19.6 zuwa 21.2 bisa ɗari, Hollande ya hau ya soke, kana a 2014 aka kai shi 20. Hujjarsu wai kowa yana biya daidai.

Amma ku duba. In an sayi takalmi Yuro 120, Yuro 20 na gwamnati ne, ko mai shara ya saya ko mai banki. Mai shara albashinsa duka a kasuwa yake ƙarewa, saboda haka harajin ya bi kusan kowace ƙwandalarsa. Mai banki kuwa kaɗan yake kashewa, sauran ya ajiye. Ashe kaya ɗaya aka ɗora wa jaki da raƙumi.

Ku tuna zakka tana da nisabi, wanda bai kai ba ba a karɓa daga gare shi. Harajin saye ba shi da nisabi, ko da yake an sassauta wa abinci zuwa 5.5. A ganina adalci shi ne a dubi abin da ya rage a hannun mutum bayan ya biya.

Samari, ku da kuke da takardar zaɓe, ku ne magada bashin nan. Duk mai neman ƙuri'arku ku tambaye shi wa zai ɗauki kayan. Allah ya raba mu da zalunci, amin.