Fagen Yaƙin Mai Bin Almasihu a Gonakin Kura da Bunkure

A zamanin ikkilisiyar farko ba a yi wa baligi baftisma sai ya furta da bakinsa cewa ya rabu da Shaiɗan da ayyukansa. Tartuliyan, malamin birnin Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, ya ambaci wannan al'ada wajen shekara ta 200, kuma har gobe Katolika da Angilikan suna yi wa mai karɓar baftisma wannan tambaya a gaban jama'a. Abin da ake nufi a fili yake: bin Yesu Almasihu zaɓen ɓangare ne a faɗan da aka daɗe ana gwabzawa tsakanin nagarta da mugunta, kuma wanda ya shiga ba ya komawa gefe ya zama ɗan kallo. A ganina koyarwar nan gaskiya ce, sai dai tana cikin waɗanda aka fi karkatarwa. Muddin mutum bai gane abokin gabansa ba, bai san inda fagen yake ba, bai kuma san makamin da aka halatta masa ba, zai iya wayar gari yana yi wa mugunta aiki alhali yana ganin da ita yake yaƙi. Kiristocin ƙasar Kano, musamman Hausawan da iyayensu ko kakanninsu Maguzawa ne, waɗanda ke zaune 'yan tsiraru a tsakiyar 'yan'uwansu Musulmi, sun fi kowa bukatar a warware wannan zance. Gonakin noman rani na Kura da Bunkure kuwa wuri ne mai kyau na auna shi.

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, daga ita kuma aka ja babbar magudanar da ke shayar da gonakin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. An tsara kashin farko na shirin ya kai kimanin hekta 22,000, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Ruwan da kansa yake gangarowa, daga babban kanal zuwa ƙanana, daga ƙanana zuwa kwamin kowane manomi. Wannan tsari ya ɗaure arzikin dubban mutane a igiya ɗaya. Wanda gonarsa ke kusa da ƙofar ruwa shi ne farkon sha, na can ƙarshen layi kuwa sai abin da aka rage masa. Idan na sama ya tare ruwa fiye da rabonsa, ko ya tashi da tsakar dare ya fasa gaɓar kanal don shinkafarsa ta ƙoshi, babu wanda zai ga jini, amma kafin mako ya zagayo ganyen tumatirin wani ya fara lanƙwashewa, ƙasar kwaminsa ta tsattsage, bashin takin da ya ci yana nan yana jiransa. Haka zancen yake a kasuwa. Ana shirya kwandon tumatir da manya jajaye a sama, ruɓaɓɓu da 'yan ƙanana a ƙasa, kafin a kai shi kasuwar Kwanar Gafan. Ana gauraya takin zamani da abin da ba taki ba. Ana ba manomi rance lokacin da yake cikin matsi a kan farashin da zai cinye masa amfanin gona tun kafin girbi. A nan ne almajirin Almasihu yake karo da mugunta kowace safiya.

Wani zai ce wannan ai zancen halin kirki ne kawai, me ya kawo yaƙin ruhaniya a cikinsa? Amsar tana cikin yadda zaluncin yake kama mutane. Ka tambayi mai satar ruwa, ba zai ce maka abin da yake yi daidai ne ba. Cewa zai yi, kowa ma haka yake yi, in ban yi ba ni zan kwana ciki. Kowane ɗaya ya san abin ba kyau, kowa yana fatan a daina, amma babu mai iya dainawa shi kaɗai. Abin ya zama wani iko da ya fi ƙarfin waɗanda suka haife shi, yana da dokokinsa, yana hukunta duk wanda ya bijire masa da asara da dariyar mutane. Manzo Bulus ya bayyana gefen abin na cikin zuciya a sura ta 7 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, inda mutum ke son alheri amma hannunsa na aikata akasinsa. Gefen na waje kuma ya kawo shi a sura ta 6 ta wasiƙarsa zuwa ga Afisawa, inda ya yi zancen ikoki da mulkokin duhu da ke bayan abin da ido ke gani. Ko mutum bai yarda da aljani ko ɗaya ba, zai shaida cewa akwai wani abu da ke bautar da jama'a gaba ɗaya, wanda nasiha da kyakkyawar niyya ba sa kwance shi. Kiristanci ya ba abin suna, ya ce bauta ce, ya kuma ce wanda aka 'yanta daga cikinta dole ya juyo ya tsaya mata a gaba.

Masu ilimin tauhidi suna da tasu damuwar, wato kada zancen rundunoni biyu ya mai da Shaiɗan kishiyar Allah. Damuwar tana da tushe. Mani, wanda ya yi zamani a ƙasar Farisa a ƙarni na 3, ya koyar da cewa haske da duhu asali biyu ne madawwama. Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya bi wannan tafarki na kusan shekara tara a ƙuruciyarsa, daga baya ya zama babban mai rushe shi. Hujjarsa ita ce Allah shi kaɗai ne Mahalicci, duk abin da ya halitta mai kyau ne, mugunta kuwa ba ta da halittar kanta, lalacewar abu mai kyau ce. Manomin Kura ya san misalin wannan a ciyawar kacalla. Ba ta haƙa kanal, ba ta kawo ɗigon ruwa, a cikin ruwan da wani ya jawo take rayuwa har ta toshe masa hanya, in kuwa ruwan ya ƙafe ita ma ta mutu. Haka ƙarya take rayuwa a kan amanar da mutane ke yi wa juna, satar ruwa kuma tana cin riba ne muddin akwai masu jiran layinsu. Saboda haka faɗan da almajiri ya shiga na gyara ne, na mai da abu kan turbar da aka halicce shi, kuma sakamakonsa ba ya cikin shakka, domin Kirista ya gaskata cewa an riga an karya ikon mugunta a kan gicciye da tashin Almasihu daga matattu.

Suka mafi nauyi ita ce ta wanda ya san tarihin Kano. Garin da ya ga tarzomar Oktoba 1991, lokacin da aka shirya taron wa'azin Bajamushen nan Reinhard Bonnke, ya ga asarar rayuka daga kowane ɓangare, yana da dalilin razana idan ya ji mai addini na zancen yaƙi. Kiristanci ma ba shi da bakin musu, domin daga 1095 sarakunan Turai sun ɗauki alamar gicciye sun zubar da jini da sunan Almasihu. Amma wanda ya karanta nassin Afisawa da kansa zai ga cewa Bulus ya fara ne da cire ɗan Adam daga jerin abokan gaba, ya ce kokawar ba da mutane ake yinta ba. Makaman da ya lissafa su ne gaskiya, adalci, bisharar salama, bangaskiya, ceto, maganar Allah da addu'a, babu ɗaya a ciki da zai fasa kan mutum. A daren da aka kama Yesu, Bitrus ya zare takobi don ya kāre shi, Ubangijinsa ya hana shi, ya kuma warkar da wanda aka sara. A misalin da Yesu ya bayar a sura ta 13 ta Bisharar Matiyu, barorin da suka nemi izinin tuge ciyawa daga cikin alkama an hana su, an ce rarrabewa ba aikinsu ba ne. Ashe duk wanda ya hau mumbari ya nuna maƙwabcinsa Musulmi, ko kawunsa da ya rage a Maguzanci, ya ce ga rundunar duhu, ya riga ya sauya sheƙa bai sani ba. Ƙiyayya makamin ɗaya ɓangaren ce, ba a aro ta a yi wa Allah aiki da ita.

Akwai kuma haɗarin camfi. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya rubuta yadda rayuwarsu take kewaye da iskoki, farare da baƙaƙe, kowanne da dabbar da ake yanka masa. Jikan wannan gida idan ya karɓi bishara ba ya bukatar a tabbatar masa akwai duniyar ɓoye. Abin tsoron shi ne ya ajiye laya ya ɗauki kwalbar man addu'a da irin zuciyar da ya riƙe layar, ya riƙa ganin hannun maye a kowace asara. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano, har masana'antar Dangote ta Kadawa, wadda ba ta daɗe da buɗewa ba, ta rasa abin sarrafawa. Ƙwaro ne da ya samo asali daga Kudancin Amurka, kuma malaman gona sun san hanyoyin rage ɓarnarsa. Yaron da ke fitsarin jini bayan wanka a kanal tsargiya ce ta kama shi, ƙwayar cutar a jikin dodon koɗi take girma, maganinta yana asibiti. Wanda ya bar waɗannan sanannun dalilai ya ɗora laifi a kan wata tsohuwa marar gata ya yi aikin da Littafi Mai Tsarki ya san Shaiɗan da shi, wato ƙarya da sāran bayin Allah. 'Yan mishan na SIM, waɗanda ikkilisiyar ECWA ta fito daga aikinsu a 1954, sun yarda da ikon duhu sarai, duk da haka abin da suka tsayar a Kano shi ne kula da kutare a Yadakunya da asibitin ido da ke aiki har yanzu. Addu'a da magani a wurinsu runduna ɗaya ce.

Mai karatu Musulmi zai iya cewa, to mene ne na Kirista a nan, mu ma ai an hore mu da yaƙi da son zuciya, Suratul Muɗaffifina kuma ta yi kashedi mai tsanani ga masu tauye mudu. Gaskiya ne, kuma abin farin ciki ne. A bakin kanal, Alhajin da ya ƙi shan ruwan da ba rabonsa ba ya fi kusa da almajirin Almasihu a wannan fage fiye da dattijon ikkilisiyar da ke algus a buhu. Bai kamata Kirista ya ji kishin haka ba, tunda ya gaskata kowane alheri daga Allah yake. Bambancin yana wajen tushe. Kirista ba ya yaƙi don ya sayi karɓuwa a wurin Allah, yana yi ne domin ya gaskata an riga an karɓe shi ta wurin alheri. Wannan ya sa idan ya faɗi yana iya furta laifinsa ya mayar da abin da ya ci, kamar yadda Zakka mai karɓar haraji ya yi, maimakon ya ɓoye don tsoron kunya. Ya kuma ɗora masa nauyin da ya fi kowanne wuya, wato ya nemi alherin wanda ya cuce shi, ya ɗauke shi a matsayin kamamme da ke bukatar kuɓuta.

Saura tambayar da manomi zai yi da kansa: idan na riƙe gaskiya ni kaɗai a ƙarshen layi, gonata ta bushe, wa zai ciyar da iyalina? Ba daidai ba ne a rufe masa baki da alkawarin cewa mai gaskiya ba ya asara. Yana yi, kuma Yesu bai ɓoye ba, shi ya sa a sura ta 14 ta Bisharar Luka ya ce mai son binsa ya zauna ya yi lissafin abin da tafiyar za ta ci masa. Amma ba a tura soja fage shi kaɗai. Idan ikkilisiya ta ce wa ɗanta kada ya saci ruwa, wajibinta ne ta tsaya masa ranar da shukarsa ta ƙone, da iri, da rance marar ruwa, da gayya. Haƙurin da ake koya masa kuma ba shiru ba ne. Annabi Amos ya tsawata wa masu rage awo da masu sayen matalauci da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Shiga ƙungiyar masu amfani da ruwa, fita yashe kanal tare da kowa, faɗin gaskiya a gaban mai unguwa ko jami'in hukuma ko da mai laifin ɗan cocinku ne, duk suna cikin aikin. Don haka fastocin da ke shirya masu neman baftisma a wannan yanki za su kyauta idan, bayan sun tambayi mutum ko ya rabu da Shaiɗan da ayyukansa, suka zauna da shi suka ambaci ayyukan ɗaya bayan ɗaya: ruwan dare, ƙasan kwando, rancen da ke cin gona, da ƙazafin maita. Wanda ya amsa bayan ya ji wannan lissafi ya san abin da ya shiga.