Gonar Baba da Digirina



Da misalin ƙarfe uku na dare, ina bakin aiki a wani gidan kula da tsofaffi da ke wajen Birmingham, sai saƙon ƙanena ya shigo: "Yaya, in nemi digiri na biyu a can kamar yadda ka yi, ko in ci gaba da zama a shagon Kawu?" Na daɗe riƙe da wayar ban ba shi amsa ba, domin ya fama mini ciwon da nake ɓoyewa.

Na iso Ingila a farkon 2023 don ƙaro karatun injiniyan ruwa. Baba ya sayar da gonarsa ta bakin rafi aka biya kashin farko na kuɗin makaranta. A watan Yuni na shekarar aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, sai abin da aka tanada don cikon kuɗin ya kasa. Doka kuma ba ta yarda ɗalibi ya wuce awa 20 yana aiki a mako ba muddin ana karatu. Da bashi da taimakon 'yan uwa na masallaci na kammala. Na sami bizar shekara biyu da ake ba wanda ya gama karatu, na yi ta neman aikin fannina har na gaji da ƙirga. Yau takardar tana cikin akwati, ni kuwa ina yi wa tsofaffi wanka.

Idan da kuɗi za a auna, na yi asara. Sai dai zuciyata ta ƙi amincewa cewa albashi ne ma'aunin ilimi. Imam Ghazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya sanya likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, wato abin da idan al'umma ta rasa mai yin sa, laifin ya hau kan kowa. A garinmu mata na tafiya mai nisa ɗiban ruwa. Ashe ke nan abin da na karanta yana da gurbi, ni ne na ajiye shi inda ba a neman sa daga gare ni.

A nan ne na tsaya na tuhumi kaina. Shin ruwan garinmu ne ya fito da ni, ko son a ce ɗan wane ya yi karatu a Turai? Gaskiya ita ce na biyun ya fi nauyi. Manzon Allah (SAW) ya kasance yana neman tsari daga ilimin da ba ya amfani. Da na ɗauka ana nufin ilimin banza ne kawai. Yanzu ina tsoron ilimi mai kyau ma kan zama haka a hannun wanda niyyarsa ta karkace.

Ban raina aikina ba, halal ne, kuma da shi nake biyan bashi. Amma duk sanda na ɗaga wani dattijo daga gado, sai in tuna Baba da ciwon gwiwarsa, babu gona, babu ɗa a kusa.

Bayan sallar asuba na rubuta wa ƙanena: "Kada a sayar da komai dominka. Idan ka sami tallafin karatu, kuma ka san wanda iliminka zai yi wa amfani, to bismillah. In ba haka ba, riƙe shagon da kyau. Ciniki da amana ba ƙaramin abu ba ne."

Ni kuwa bizata ta kusa ƙarewa, kuma na fara istihara a kan komawa gida. Ku sa ni cikin addu'a. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya gyara mana niyya.