Uwar Shinkafa: Ko Camfi Yana Koya Wa Mutum Ladabi?

Jama'a, babu gidan da bai ci shinkafar Tailan ba a wannan unguwa tamu, musamman kafin a rufe iyakokin ƙasa a 2019, lokacin da buhunanta ke kwararowa ta Kwatano. Amma kaɗan ne suka san yadda masu nomanta suke kallonta.

Yawancin mutanen Tailan mabiya addinin Buddha ne, sai dai akwai tsofaffin camfe-camfe da suka riƙe tun kaka da kakanni. A wurin manomansu shinkafa tana da uwa, wata aljana da suke kira Mae Phosop. Idan shinkafa ta yi ciki, kamar dai yadda mu ma muke cewa gero ya yi ciki, sai mata su tafi gona da 'ya'yan itace masu tsami, da hoda, da mataji, da madubi, wai mai juna biyu tana kwaɗayi kuma tana son kwalliya. Bayan girbi su roƙe ta ta biyo su rumbu. Suna da labarin cewa an taɓa wulaƙanta ta, ta yi fushi ta gudu, yunwa ta gallabi mutane har sai da aka je aka lallashe ta. Shi ya sa ake hana yaro barin shinkafa a kwano, ko taka wadda ta zube.

A aƙida dai magana ɗaya ce. Roƙon wata uwar shinkafa shirka ne, Mai fitar da tsiro ɗaya ne, kuma madubi bai taɓa cika rumbu ba.

To amma ga abin da ya tsaya mini a rai. Ƙarya ce, amma ta haifar da yaron da yake tsince ƙwaya daga ƙasa. Ladabin nasa na gaske ne ko kuwa? Wani zai ce tsoro ne kawai, ran da ya gane babu aljanar shi ke nan, zai zubar. Akwai gaskiya a nan, don abin da aka gina kan camfi boko yana iya rushe shi. Sai dai ni ina ganin a ƙarƙashin camfin akwai abin da manomin ya gani da idonsa: wata da watanni yana duƙe cikin ruwa da laka, yana dasa shuka ɗaya bayan ɗaya. Ya gane abinci ba abin wasa ba ne, ya ɓata wajen sanin wanda zai gode wa.

Mu kuma mun san Wanda za mu gode wa. Mun karanta hani kan almubazzaranci tun muna Islamiyya, an koya mana idan loma ta faɗi a ɗauka a share a ci. Duk da haka, a zagaya bayan rumfar biki ran Lahadi da yamma. Dafa-duka ce tuli a cikin kwata, rabin kwano, cikakken kwano, kaji ma sun ƙoshi sun bar ta, alhali mudu ya kai kuɗin da wani magidancin a layin nan sai ya yi dako yini guda kafin ya haɗa.