Sabuwar laftof: buƙata ce ko son zuciya?

A watan Janairun 2008, Steve Jobs na kamfanin Apple ya hau dandamali a San Francisco riƙe da ambulan irin na takardun ofis. Ya kwance zaren, ya zaro kwamfuta daga ciki. Ita ce MacBook Air ta farko, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Shekara 27 kafin nan, a 1981, kwamfutar Osborne 1 da ake yi wa kirari da tafi-da-gidanka ta haura kilo 10, mai ita yana rungumarta kamar keken ɗinki. Daga ranar ambulan ɗin nan kamfanoni suka shiga tseren rage kauri da nauyi, har LG ta fitar da samfurin Gram da wasu daga cikinsu ba su cika kilo ɗaya ba. Kowace shekara sai an fito da wadda ta fi ta bara siranta, kuma mutumin da tasa ke aiki lafiya lau sai ya wayi gari yana jin ta yi masa nauyi a kafaɗa.

Ya sauya ko ya haƙura? Mai shago yana da amsarsa, amma malaman fiƙihu sun riga shi da ma'auni. Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 790 bayan Hijira, ya faɗaɗa a littafinsa Muwafaƙat wani rabo da magabata irin su Gazali suka yi wa maslahar ɗan Adam: akwai larura, wadda rayuwa ke rushewa idan babu ita, akwai buƙata, wadda rashinta ke jefa mutum cikin ƙunci, sai ƙawa, wadda ke ƙara wa rayuwa kyau. Laftof ɗaya tak tana iya faɗawa kowane mataki, ya danganta da hannun da ta shiga.

Ɗan jaridar da ke yini a kan babur da jaka a baya, rabin kilo ba wasa ba ne a wurinsa. Haka batir. Da Apple ta fito da MacBook Air mai ƙwaƙwalwar M1 a ƙarshen 2020, ta ce caji ɗaya zai iya kai sa'a 18. Wanda ke zaune inda ake ɗauke wuta tun safe sai dare, yana yawo da caja yana neman shagon da aka tayar da janareta, ya san abin da wannan ke nufi ga abincinsa. Ga kuma Microsoft da ta tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10 na kyauta, alhali Windows 11 ba ta karɓar kwamfutoci da yawa da suka kwana biyu. Mai riƙe da asusun mutane ko bayanan marasa lafiya a irin wannan na'ura yana da hujja mai ƙarfi ta neman mafita.

Ko da ƙawa ce zalla, addini bai haramta ta ba. A Sahihu Muslim akwai labarin mutumin da ya ji tsoron son tufa mai kyau da takalmi mai kyau ya zama girman kai, Annabi (SAW) ya nuna masa ba haka ba ne. Imam Malik ma an san shi da sa sutura ta alfarma. Saboda haka masu ganin duk sabon abu alfahari ne sun matsa da yawa.

Inda maganar ta yi tsauri shi ne almubazzaranci. Suratul Isra'i, aya ta 26 da 27, ta yi kakkausan gargaɗi a kansa, Suratul Furƙan aya ta 67 kuma ta yabi masu tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro. Malamai sun bayyana cewa ma'aunin yana bin halin mutum. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a 2024, kuma laftof da dala ake shigo da ita. Magidancin da zai ci bashi ko ya jinkirta kuɗin makarantar yara don ya rage gram ɗari uku a jakarsa ya fifita ƙawa a kan haƙƙin da ke wuyansa, ko da kuwa attajirin maƙwabcinsa ya sayi irinta ba tare da laifi ba.

Masanin falsafar Faransa Denis Diderot ya taɓa rubuta yadda sabuwar rigar shan iska ta sa ya raina kujerarsa da teburinsa, ya yi ta sauya kayan ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Siririyar laftof tana da wannan hali. An rage mata ramukan jona kaya, dole a sayi mahaɗi. A yawancin irinta an liƙe RAM a jikin allon cikin na'urar, ba a ƙarawa. Wasu har ma'ajiyar bayanan a liƙe take. Tsohuwar ThinkPad ko Dell mai kauri kuwa, yaron shago a Titin Beirut a Kano zai kwance ta, ya sa mata SSD da sabon batir, ta dawo da gudu a kan kuɗi kaɗan. Da yawa daga masu cewa "ta tsufa" wannan gyaran kawai suke buƙata.

Sai kuma abin da mai saye ba ya gani, kuma shi ya fi tayar da hankali. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya dace. A Agbogbloshie da ke Accra, kafin hukuma ta rushe wurin a 2021, samari, galibinsu 'yan ci-rani daga arewacin Ghana, sun shafe shekaru suna ƙona wayoyi don ciro tagulla, suna shaƙar hayaƙin. Ma'adinin kobalt da ke cikin batir kuwa, mafi yawansa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ake haƙo shi, inda aka sha samun yara a ramukan haƙa. Musulmin da ya yarda dukiya amana ce, kuma za a tambaye shi ta inda ya samo ta da inda ya kashe ta, ba zai ce wannan bai shafe shi ba.

Wanda zai iya faɗin takamaiman aikin da tsohuwar ta gaza yi, ya gwada gyara bai wadatar ba, kuma kuɗin nasa ne ba na cefanen gida ba, ya saya da zuciya ɗaya. Wanda kuwa amsarsa ba ta wuce "sabuwar ta fi kyau a hannu" ba, ya dakata wata guda ya sake tambayar kansa. Idan an saya ɗin, kada a jefa tsohuwar a ƙasan gado har batirinta ya kumbura. A goge bayanan da ke ciki, a gyara ta, a miƙa wa ɗalibin da ke biyan kuɗi a shagon buga takardu don ya rubuta kundin kammala karatunsa.