Kama-Wuri-Zauna a Intanet: Shin Wa Ke da Suna?

Gabatarwa

Bahaushe ya ce suna linzami ne, wato da shi ake kiran mutum ya waiwayo, da shi kuma ake kama shi idan ya yi laifi. Saboda haka ne ba a raɗa wa jariri suna a ɓoye. Sai an tara jama'a ranar bakwai, an raba goro, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar, domin sunan da jama'a ba su ji ba, ba su kuma kira ba, bai zama suna ba tukuna. To amma zamani ya zo mana da wani irin suna wanda ba ya bukatar taro ko goro. Mutum ɗaya tilo, a cikin ɗakinsa, yana iya biyan 'yan kuɗi kaɗan ya yi rajistar sunan shafi a intanet, kuma daga wannan lokaci duk faɗin duniya babu wanda zai iya amfani da wannan adireshi sai shi.

Tambayar da muke son mu yi nazari a kanta ita ce: idan jayayya ta tashi a kan irin wannan suna, wa ya fi cancanta da shi? Wanda ya riga kowa kama shi, ko wanda ya saye shi da kuɗinsa, ko kuwa waɗanda suka raya shi har ya yi daraja? Za mu ɗauki misalanmu daga rigingimun da suka auku a tsakanin dandalolin hira na intanet, domin a nan ne wannan tambaya ta fi fitowa fili.

'Yan Kama-Wuri-Zauna

Ƙa'idar rajistar sunan shafi tun farko ita ce, wanda ya riga shi ke samu. Ba a daɗe ba wasu suka gane cewa akwai ganima a cikin wannan ƙa'ida. Sai su yi rajistar sunayen manyan kamfanoni tun masu su ba su farga ba, su zauna suna jiran a zo fansa. Wani Ba'amurke mai suna Dennis Toeppen ya kama sunaye fiye da 100, ciki har da na kamfanin Panavision mai ƙera kyamarorin silima. Da kamfanin ya yi magana, sai ya nemi a ba shi dala 13,000. A shafin kuwa ya ɗora hotunan wani gari mai suna Pana a jihar Ilinoi, don ya nuna kamar yana da wata manufa daban. A shekarar 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi yarda da wannan dabara, ta ba kamfanin gaskiya. Na shiga ban ɗauka ba, ba ta fid da ɓarawo.

Sai dai ba duk wanda ya riƙe suna mai kama da na babban kamfani ne ɗan kama-wuri-zauna ba. Wani ɗan kasuwa mai suna Uzi Nissan, mai harkar kwamfuta a Amurka, ya yi rajistar nissan.com a 1994, domin sunan gidansu ke nan, kuma da shi yake kasuwanci shekara da shekaru. Kamfanin motoci na Nissan ya kai shi ƙara a 1999, aka kwashe shekaru ana shari'a, amma bai samu ya karɓe sunan ba.

Irin waɗannan shari'o'i ne suka sa hukumar ICANN, mai kula da sunayen intanet, ta kafa ƙa'idar warware rikici a 1999. Mai ƙara dole ya tabbatar da abubuwa uku: cewa sunan ya yi daidai ko ya yi kama da tambarin kasuwancinsa har ya iya rikita mutane, cewa wanda ya riƙe shi ba shi da wani haƙƙi ko halattacciyar bukata a kansa, da kuma cewa da mugun nufi aka yi rajistarsa ake kuma amfani da shi. Mai karatu zai lura cewa sharaɗi na uku magana ce ta niyya. Ke nan ita kanta doka ta yarda cewa takardar rajista kaɗai ba ta wadatar ba, sai an duba zuciyar mai ita.

Zaurukan Hira da Rigimar Suna

A shekarar 1988 wani ɗan ƙasar Finlan mai suna Jarkko Oikarinen, a Jami'ar Oulu, ya ƙirƙiro tsarin hira ta rubutu da ake kira IRC. A wannan tsari mutum kan shiga dandali da laƙabin da ya zaɓa, ya zauna a zauren da ake tattauna abin da yake so. Tun daga farko masu wannan harka suka sha bamban a kan mallakar suna. A dandalin EFnet ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne, laƙabi ba na kowa ba ne. In ka fita, wani yana iya ɗauka. Dandalin DALnet kuwa, wanda aka kafa a 1994, ya yi fice da ba mutane damar yin rajistar laƙabinsu da zaurensu, don kada wani ya sa rigarsu ya yi magana da bakinsu.

Su ma kamfanoni ba su tsira ba. Wani ɗalibi mai suna Mark Spencer ya rubuta wata manhajar hira ta kyauta a 1998, wadda aka sani da Gaim. Kamfanin AOL, mai dandalin AIM, ya ce sunan ya yi kusa da tambarinsa. Bayan an daɗe ana kai-komo, masu manhajar suka haƙura a 2007 suka sake mata suna Pidgin, kalmar nan da muka sani a kan Turancin buroka. Manhajar ba ta mutu ba, masu amfani da ita suka bi ta zuwa sabon sunanta.

Amma rigimar da ta fi cancanci mu tsaya a kanta ita ce ta dandalin freenode. Wannan dandali ya samo asali ne daga ƙoƙarin wani mutum mai suna Rob Levin, ya kuma karɓi sunan freenode a 2002. Levin ya rasu a 2006, amma dandalin ya ci gaba da bunƙasa har ya zama matattarar dubun dubatar masu rubuta manhajojin kyauta a duniya. Abin lura shi ne, masu kula da shi 'yan sa-kai ne da ba a biyan su albashi, manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shi kuma gudummawa ce daga cibiyoyi da mutane daban-daban. Wato dai aikin gayya ne.

A shekarar 2017, shugabar masu kula da dandalin a lokacin, Christel Dahlskjaer, ta miƙa kamfanin da aka yi wa rajista a Ingila da sunan freenode ga wani attajiri mai suna Andrew Lee. 'Yan sa-kai sun ce an tabbatar musu cewa wannan ciniki ba zai shafi tafiyar da dandalin ba. A farkon 2021 sai saɓani ya kunno kai. Lee ya ce shi ne halattaccen mai kamfanin da sunan shafinsa, ya zuba kuɗinsa a ciki, kuma ana neman a hana shi iko da abin da ya mallaka. Su kuwa suka ce dandalin ba hajar da za a sayar ba ce tun farko. Da suka ga takardu suna hannunsa, sai yawancinsu suka ajiye aiki, suka kafa sabon dandali mai suna Libera Chat a ranar 19 ga Mayu, 2021, a ƙarƙashin wata ƙungiya da ba ta neman riba, mai rajista a Suwidin.

Nan da nan ƙungiyoyi suka fara ƙaura. Da yawa daga cikinsu suka bar sanarwa a tsohon zaurensu cewa sun koma wuri kaza. Kafin watan ya ƙare, sababbin masu iko da freenode suka ƙwace zauruka kusan 700 masu ɗauke da irin wannan sanarwa, bisa hujjar cewa tallar wani dandali ta saɓa wa ƙa'ida. Wannan mataki ya ƙara wa masu ƙaura azama. Ubuntu da Gentoo da Wikimedia da sauran manyan ƙungiyoyi duk suka tare a Libera Chat. A tsakiyar watan Yuni kuma freenode ya sauya tsarinsa gaba ɗaya, aka share rajistar laƙabobi da zauruka da mutane suka tara cikin shekaru masu yawa. Suna ya tsaya a hannun mai takarda, jama'a kuwa suka tafi.

Hujjoji Uku a Kan Ma'auni

Hujja ta farko ita ce ta wanda ya riga. Tana da amfani ƙwarai, domin tana kashe gardama cikin sauƙi, kuma ba ta duban girman mutum ko ƙanƙantarsa. Ita ce ma ta taimaki Uzi Nissan. Amma riga kaɗai ba aiki ba ne. Malaman fiƙihu tun da daɗewa sun bambanta tsakanin wanda ya raya mataccen fili, wato ya sare daji, ya haƙa rijiya, ya yi shuka ko gini, da wanda ya jera duwatsu kawai a kewaye ya yi tafiyarsa. Na farko ya mallaka, na biyu kuwa bai mallaka ba, har wasu malamai suka ƙayyade masa shekara 3, suna dogara da hukuncin da aka danganta ga Sayyidina Umar. Shi ma masanin falsafar nan na Ingila, John Locke, a ƙarni na 17, ya ɗora asalin mallaka a kan gumin da mutum ya zuba, da sharaɗin kada ya riƙe abin da zai lalace a hannunsa. Ɗan kama-wuri-zauna mai jera duwatsu ne. Ribarsa duka tana fitowa ne daga hana wani, ba daga amfanin da ya samar ba.

Hujja ta biyu ita ce ta wanda ya saya. Ba za mu raina ta ba, domin in da ciniki ba ya tabbatar da mallaka, da kasuwa ba ta ci ba. Sai dai ciniki yana da sharaɗi: mai sayarwa ba ya iya miƙa abin da ya wuce nasa. To mene ne darajar sunan freenode? Haruffan nan takwas ba su da wata tsada a kan kansu. Abin da ya ba su daraja shi ne yardar da dubban mutane suka yi cewa in sun shiga za su tarar da abokansu, za a kare musu laƙabinsu, ba kuma za a yi wasa da sirrinsu ba. Wannan yarda 'yan sa-kai ne suka gina ta da dararen da suka hana idonsu barci. Ana iya sayar da kamfani da adireshi, amma yardar mutane amana ce, amana kuwa ba ta shiga cikin kayan da ake yi wa kuɗi.

Hujja ta uku ita ce ta waɗanda suka raya. A ganinmu ita ta fi nauyi, amma ita ma tana da iyaka. In da yawan masu kiran suna kaɗai ke ba da mallaka, da kamfanin motoci ya murƙushe Uzi Nissan, tun da miliyoyin mutane mota suke tunawa in an ambaci sunan. In da kuma kowane gungu da ya ji haushi zai iya ƙwace adireshi da ƙarfi, da babu wanda zai kwana da kwanciyar hankali. Abin da ya burge mu game da mutanen Libera Chat shi ne, ba su fasa ƙofa ba. Sun bar wa doka abin da yake na doka, suka kwashi abin da yake nasu, wato aikinsu da amincinsu, suka raɗa sabon suna.

A nan ne muke ganin inda kuskuren sababbin masu iko yake. Mallakar sunan ba ita ce laifi ba. Laifin shi ne amfani da ita don a ɓoye wa baƙo inda masu gida suka koma. Wanda ya shiga zauren Gentoo ba freenode yake nema ba, mutanen Gentoo yake nema. Idan aka cire sanarwar ƙaurarsu aka bar sunansu a ƙofa, an yi amfani da sunansu ke nan an tsare mutanen da ke neman su. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da ɗan kama-wuri-zauna yake yi, ko da takardun mai yin sa cikakku ne.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za mu iya cewa mallakar suna hawa biyu ce. Akwai ta takarda, wadda kotu da hukuma ke tabbatarwa, akwai kuma ta amana, wadda jama'a ke bayarwa, su kuma janye in sun ga dama. Zaman lafiya yana samuwa ne muddin su biyun suna hannu ɗaya, ko kuma mai takarda ya san cewa riƙo aka ba shi.

Bai kamata mu ɗauki wannan a matsayin labarin wasu can nesa ba. Ƙungiyoyinmu na ɗalibai da na marubuta, da mujallunmu, da yawa suna da shafuka da zauruka waɗanda mutum ɗaya ya buɗe da sunansa, shi kaɗai kuma ya san mabuɗin. Ranar da ya gama karatu, ko ya yi fushi, ko wani ya taya, ranar ce za a gane cewa ba a taɓa rubuta ko na wane ne ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya kyautu kowace ƙungiya ta yi rajistar sunanta da sunan ƙungiya, ta sa fiye da mutum ɗaya a kan mabuɗin, ta kuma rubuta ƙarara cewa mai riƙe da shi wakili ne, ba mamallaki ba. Wanda kuma aka damƙa wa irin wannan riƙo, ya tuna cewa waɗanda suka yarda da shi suna iya tashi, kamar yadda mutanen freenode suka tashi cikin 'yan makonni a 2021.