CACAR ƘWALLO: SANI NE KO SA'A?

Wata ranar Lahadi, bayan an tashi daga sujada, wani saurayi na ikkilisiyarmu ya biyo ni har zaure. Ba zan faɗi sunansa ba. Yana da fegi a lambunan Jiratawa, yana kawo zogale Maradi yana sayarwa, yana da mata da ɗa guda. Ya durƙusa ya gaishe ni, kana ya ce, "Baba, na ji kun yi mana faɗa a kan caca. Amma namu ba caca ba ne. Ɗan karta sa'a ya ke jira. Mu kuwa sai mun bincika. Mun san ƙungiyar da ke wasa a gida, da ɗan wasan da ya ji rauni, da yadda suka tashi bara. Ashe wannan ba aikin hankali ba ne?"

Ya mai karatu, watakila ɗanka ya taɓa faɗa maka haka. Tambayar ta isa a amsa ta da gaskiya.

INA IYAKAR SANIN?

Ba na musu, akwai sani a ciki. Amma bari in tuna maka da abin da muka gani. Masar ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010. A watan Oktoba na 2010 ta zo Yamai ta kara da Mena, wadda ba ta taɓa zuwa gasar ba ko sau ɗaya. Da an tara masana, wa za su zaɓa? Amma Musa Ma'azu ya jefa ƙwallo ɗaya, aka tashi 1 da 0. Mena ta tafi gasar 2012, Masar ta zauna gida. Haka kuma a 2022 Saudiyya ta ci Ajantina 2 da 1 a Katar, ga shi kuwa Ajantina ce ta ɗauki kofin duniya a wannan gasar.

Sani yana gaya maka abin da ya saba faruwa. Ba ya gaya maka abin da zai faru yau da la'asar.

LISSAFIN MAI GIDAN CACA

Karatuna bai wuce na makarantar mishan ba, amma an koya mini lissafi. Ga misali. Mutum biyu sun zuba jika jika. Ɗaya ya ce ƙungiya kaza za ta ci, ɗaya ya ce ba za ta ci ba. Mai gidan caca ya karɓi tamma 2,000, ya biya wanda ya dace 1,900, ya sa 100 a aljihu. Ko wa ya ci, rabonsa yana nan. Shi ba ya caca, ciniki ya ke yi da kwaɗayinku. Kuma duk abin da ka sani game da ƙungiyoyin nan, ya riga ka sani, ya sa shi cikin farashi.

Samarinmu kuwa ba wasa ɗaya su ke zaɓa ba. Sukan jera wasa goma a takarda ɗaya domin dala ashirin ta haifi jikkuna, in ɗaya ya kuskure duka sun faɗi. A ce kai gwani ne, cikin wasa goma kana dacewa a bakwai. In ka jera goma a takarda ɗaya, cikin takardu 100 wajen 3 kaɗai za su fita. Shi ya sa kullum ka ke jin ana cewa, "Wasa ɗaya tak ya ɓata mini." Wannan ɗayan shi ne ƙugiyar da ke komo da mutum gobe.

"AI NOMA MA CACA NE"

Saurayin nan ya ce, "To, Baba, ai manomi ma yana zuba iri a ƙasa bai san ko za a yi ruwa ba." Na ce gaskiyarka, ɗana. Ina yaro a 1984 na ga an shuka gero bai kai ga fid da kai ba. Amma dubi bambancin. Manomi yana shuka tiya ɗaya, in Allah ya ba da ruwa ya ɗaure dammuna. Hatsin da babu shi dā ya samu a duniya. Kuma in gonarka ta yi kyau, ta maƙwabcinka ba ta ragu ba, har ya samu inda zai ara. A caca ba a shuka komi, ba a girbe komi. Kuɗi ne ke fita daga aljihu da yawa su shiga kaɗan.

KUƊIN WA KA CI?

Nan ne maganar ta ke. Ran da ka ci, daga ina kuɗin suka fito? Kuɗin ɗan kabukabu ne wanda ya yini cikin rana, da na yaron da aka ba kuɗin makaranta, da na magidancin da ya bar gida babu cefane. Ba za ka ci ba sai an cinye su. Doka ta goma, cikin Fitowa sura 20, ta hana mu ƙyashin abin maƙwabci, Ubangiji Yesu kuma ya umarce mu mu ƙaunace shi. Ƙaƙa za ka roƙi Allah takardarka ta fita, alhali roƙon nan roƙo ne a kan hasarar ɗan'uwanka? Binciken ƙungiyoyi, komi zurfinsa, bai sake wannan ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, ko ya sa rigar ilimi.

ME ZA MU YI?

Kallon ƙwallo ba zunubi ba ne. Je ka ka kalli Ɗan Kasawa ko Jangorzo, ka yi sowa, ka koma gida da kuɗinka. Amma iyaye, ku lura. Dā sai mutum ya tafi bayan kasuwa kafin ya sami 'yan caca. Yanzu suna cikin wayar da ke ƙarƙashin matashin ɗanku, ko a Tibiri ya ke ko a ƙauye. Ku tambaye su da taushin murya, gama wanda aka kunyata a gaban jama'a ɓoyewa ya ke ƙarawa.

Na ce wa saurayin nan ya je ya rubuta dukan abin da ya zuba tun kaka, da abin da ya komo masa. Bayan mako biyu ya dawo kansa a sunkuye. Ya zuba jika 60, jika 22 suka komo. A ciki har da kuɗin akuyar matarsa, wadda ya ce mata taki zai saya. Muka yi addu'a tare. Na ce, "Ɗana, Allah yana gafartawa, amma matarka tana bin ka gaskiya, tana kuma bin ka akuya." Ya je ya faɗa mata. Ya share abin daga wayarsa, ya shiga adashi, inda kowa ke kwasar abin da ya zuba.

Ɗan'uwa, in kai ma kana ciki, kada ka ce sai ka fanshe abin da aka cinye ka. Garin neman gira a kan rasa ido. Ɗauki takarda yau ka yi lissafinka, ka nemi wani dattijo ka gaya masa, ka kawo kayanka wurin Almasihu. Ba ya korar mai tuba.