Malam, Wa Ya Wuce Ni?

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar kuɗi a New Bell, cikin Duwala. Na daɗe ina koya wa yara cewa ba a tara awaki da kaji a fitar da jimla guda, sai in an fara samo sunan da ya haɗa su. Sai ga shi wani dogon hutu na zauna da biro da takarda na tara ƙwallon ƙafa da gudu da kokawa, na fitar da jimla, jimlar nan kuma ta raba wata yarinya da kuɗin makaranta na shekara guda. Tun daga lokacin nake juya maganar a raina, yau dai na ce bari in baje ta a gabanku.

Makarantu 5 ne na unguwannin Hausawa muka haɗu muka shirya wa yara wasannin hutu, don mu rage musu yawon kasuwa da hawan bayan babur. Muka sa ƙwallon ƙafa na maza, da ƙwallon hannu na mata, da tsere iri 6, uku na maza uku na mata, da kokawa aji 3 gwargwadon nauyi. Lambobin zinariya 11 ke nan. Wani Alhaji mai sayar da yadi a Kasuwar Kongo ya yi alkawarin biya wa 'yan wasa 5 kuɗin makaranta na shekara, daga makarantar da ta zo ta ɗaya. Mun yi zama a kan fili, da alƙalan wasa, da ruwan sha, har da mai ɗinka riguna. Babu wanda ya tuna ya tambayi abin da ake nufi da zuwa ta ɗaya.

Ranar Asabar da yamma aka gama wasa, aka danƙa mini sakamako, tunda ni ne mai lissafi, a kan in kawo jeri ranar Lahadi. Da na baje takardun na ga abin da ya hana ni barci. Wata ƙaramar makaranta ta wajen Nkololoun, wadda ba ta da yawan yaran da za ta haɗa ƙungiyar ƙwallo, ta ci zinariya 4, duk a tsere. Uku daga ciki yarinya ɗaya ce ta ci su, 'yar mai tuyar ƙosai. Makarantarmu ta ci 2: ƙwallon ƙafa da aji guda na kokawa. In zinariya za a ƙirga, su ne a sama. In kuwa aka ɗauki kowane wasa a matsayin abu guda, aka ba na ɗaya maki 100, na biyu 80, a yi ta sauka har 20, wanda bai shiga ba ya tashi a tutar babu, to mu ne a sama da maki 300, su kuma su koma can ƙarshe da 140. Ga sakamako ɗaya, babu maguɗi ko ƙanƙani, amma makaranta guda tana iya zama ta farko ko ta ƙarshe, ya danganta da hanyar da mai biro ya bi.

Kowace hanya a cikin biyun nan tana da manyan da suke bin ta. Ƙirgar zinariya ita ce aka saba gani a teburin Olamfik, da ita kuma ake jera makarantu a wasannin jami'o'in Kamaru da hukumar FENASU take shiryawa, inda INJS ta Yawunde, makarantar da aikinta shi ne horar da malaman wasanni, take shiga teburi ɗaya da jami'o'in da yara suka je karatun shari'a ko likitanci. Mu 'yan New Bell mun san aibin wannan hanya. A shekarar 2000 a Sidni, Kamaru ta doke Sifaniya a wasan ƙarshe da bugun fanareti bayan an tashi 2 da 2, kuma Samuel Eto'o, wanda ya tashi a lungunan nan namu, shi ya farke ta biyun. Duk gumin ƙungiyar nan, wasa bayan wasa, a teburi zinariya 1 aka rubuta. Françoise Mbango ita kaɗai ta kawo 2, a tsalle mai taki uku, a 2004 da 2008. A 2008 ɗin nan a Beijing, Michael Phelps na Amurka ya ci 8 a ninƙaya, alhali Kamaru a tarihinta duka 3 take da su. A shekarar ne kuma Sin ta fi kowa zinariya, Amurka ta fi kowa jimlar lambobi, sai jaridun Amurka da yawa suka jera teburinsu da jimla. Kowa ya ɗauko mudun da zai cika masa buhu.

Hanya ta biyu kuwa ita jami'o'in Amurka suke bi a kofin da ake kira Directors' Cup, wanda ƙungiyar daraktocin wasanni ta NACDA ta fara a kakar 1993 zuwa 1994. A can zakaran ƙasa a kowane wasa maki 100 yake samu, ko wasan da dubban mutane suke cika fili don kallo ne, ko wasan takobi da iyayen 'yan wasa kaɗai suke zuwa. A da wasanni 20 ake ƙirga wa kowace makaranta, 10 na maza 10 na mata, daga baya aka mai da su 19, aka wajabta wasu a ciki, irin su ƙwallon kwando na maza da na mata. A ido wannan adalci ne tsantsa. Amma bayan jami'ar North Carolina ta ci na farko, Stanford ta riƙe kofin sau 25 a jere, sai a 2021 Texas ta karɓe. Stanford tana da ƙungiyoyin wasa 36, saboda haka tana zaɓen waɗanda suka fi kyau a ƙirga mata, wadda kuwa ba ta da ko 20 ba ta da abin zaɓe. Teburin da aka yi don auna ƙwazo ya wayi gari yana auna faɗin aljihu tare da ƙwazon. Da wasu suka ga haka suka kawo wani kofin a 2010, Capital One Cup, wanda ya fifita wasannin da suka fi 'yan kallo da maki mai yawa. Nan ma an gyara wani gefe ne an karkata wani.

Duk wannan na san shi a daren nan. Na kuma daɗe, tun kafin wasanninmu, ina ganin hanya ta biyu ta fi dacewa da makaranta, domin makaranta ba wurin kiwon zakara ɗaya ba ce, wurin da yara da yawa za su motsa jiki ne. Da wannan hujja na lallashi kaina, na rubuta jeri, makarantarmu a sama. Ranar Lahadi na yi bayani a gaban kwamiti da misalan Amurka, kowa ya gyaɗa kai, domin wanda ya zo da alƙaluma ba a cika yi masa musu ba. Shugaban ƙaramar makarantar ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi Alhaji, ya yi shiru.

Bayan an watse ina tattara kujeru sai yarinyar ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, lambobinta uku a wuya. Ta ce, "Malam, don Allah tambaya gare ni. An ce mu ne na ƙarshe. Wa ya wuce ni?" Na fara yi mata bayanin maki, na ji bakina ya yi nauyi. Babu wanda ya wuce ta. A fili, inda ake gani da ido, ta bar kowa a baya sau uku. A takardata ne aka wuce ta, ni kuma na rubuta takardar bayan na ga inda kowa ya tsaya.

Da daddare na je wurin wani tsohon tela da muke hira a ƙofar shagonsa, na kwashe labari na faɗa masa, ina neman ya ce mini na yi daidai. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, mudun gero da mudun gishiri duk mudu ne, amma ba ka tara su sai ka mai da su kuɗi. Makin nan naka kuɗi ne. Wa ya sa farashin?" Na ce ni ne, Baba. Ya ce, "Kafin a kawo kaya kasuwa ka sa, ko bayan ka leƙa buhun kowa?" Bai ƙara komai ba, ya koma kan kekensa.

Abin da na fahimta daga baya shi ne tambayoyi biyu ne na cakuɗa. Ta farko, wace hanya ce ta fi adalci? Wannan ba ta da amsar da lissafi zai bayar. Kafin ka ce kofin ƙwallo daidai yake da tsere ɗaya, ko daidai yake da tsere shida, sai ka riga ka yanke abin da kake ganin ya fi daraja: gwanintar mutum ɗaya ko haɗin kan goma sha ɗaya, zurfi ko faɗi, abin da jama'a suke so ko abin da aka manta da shi. Wannan hukunci ne irin na zuciya da tarbiyya, mutanen kirki suna iya saɓawa a kansa. Illar teburi ita ce yana ɓoye hukuncin a cikin alƙaluma, har mai kallo ya ɗauka daga sama 300 da 140 suka faɗo. Tambaya ta biyu kuwa tana da amsa sarai: yaushe aka sa ma'auni, kuma wa ya sa? Ko da hanyata ta fi kyau, na zaɓe ta ina sane da wanda za ta ɗaga, kuma ina da rabo a ciki. Mun taso ana tsoratar da mu a kan tauye mudu. Ban tauye mudu ba, amma na zaɓi mudu bayan na ga hatsi, kuma ban tabbata wannan ya fi wancan sauƙi ba.

Na gwada kare kaina da cewa ra'ayina ne tun da can. Gaskiya ne. Sai dai na tambayi kaina: da makarantarmu ce mai zinariya 4, zan tsaya da ƙarfi haka a kan misalin Amurka, ko zan ce ai duniya duka da zinariya take ƙirgawa? Har yau ban iya rantsewa a kan amsar ba. Wanda kuwa ba zai iya rantsewa ba, bai kamata a ba shi biro ba.

Wani abokin aikina yana ganin maganin shi ne a daina jerin gaba ɗaya, kowane wasa ya tsaya da zakaransa. Na so in yarda da shi, amma ban yarda ba. Alhaji yana da kuɗin yara 5 ne, ba na 50 ba, dole a sami hanyar zaɓe. In aka cire teburi ba a cire zaɓe ba, an mai da shi cikin ɗaki ne, inda sanayya da kusanci za su yi aikin da maki yake yi a fili. Teburi ko ba komai ana iya nuna shi da yatsa a ce nan aka karkace. Abin da nake nema a wurinsa yanzu kaɗan ne: a kafa shi kafin a busa usur, wanda ba shi da rabo ya kafa, a kuma faɗa wa mutane a fili abin da aka fifita da abin da aka bari.

Na je wurin Alhaji a shagonsa na gaya masa yadda aka yi. Ya ce, "Malam, na cika alkawarina, ba zan karɓe daga hannun yaran da aka riga aka ba ba." Ya yi gaskiya. Na kai maganar gaban kwamiti, na faɗi laifina, muka yi karo-karo, abin da aka tara ya biya wa yarinyar zango biyu cikin uku. Na ukun uwarta ta biya da kuɗin ƙosai, wanda da ban taɓa biro ba da ya tafi wani wurin.

Shekarar da ta biyo baya muka rubuta ƙa'ida wata guda kafin wasa, muka liƙa a ƙofar kowace makaranta, muka ba wani malami daga Bonaberi da ba shi da yaro a ciki aikin lissafi. Bayan doguwar muhawara hanyar maki aka zaɓa, wadda na bi a ɓoye, amma aka ware gurbi ɗaya cikin biyar ga ɗan wasan da ya fi kowa zinariya, ko daga ina yake. Sai wani abu ya faru da ban zata ba. Ƙaramar makarantar, da ta ga rashin shiga sifili ne, ta tattaro 'yan mata da ba su taɓa riƙe ƙwallon hannu ba ta kafa ƙungiya. An lallasa su a kowane wasa, suka ɗauki makinsu 20 suna dariya. A gefe guda kuma wata makarantar ta janye yaronta mafi gudu daga tsere ta sa shi tsaron baya a ƙwallo, domin a nan take ganin maki. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Ashe teburi ba ya tsayawa a auna abin da aka yi, har da abin da za a yi gobe yake tsarawa, da yaron da za a kira fili da wanda za a bari a benci.

Yarinyar tana aji na gaba yanzu, tana gaishe ni in mun haɗu a hanyar kasuwa, ba ta sake tayar da maganar ba. Ni ne dai duk ƙarshen zango, in na zauna tara makin ɗalibaina, lissafi ninki huɗu, zane ninki ɗaya, in fitar da na ɗaya da na arba'in, nakan tsaya in dubi sunan da ya faɗo ƙasa, in tambayi kaina a wane fili ne shi ma babu wanda ya wuce shi.